Baƙo Ke Fara Shiga Ganga

Ɗana Songlin ya daina zuwa makaranta tun kafin a yi dogon hutu. Ba faɗa ya yi da kowa ba, ba kuma korarsa aka yi ba. Wata safiya ce kawai ya sa riga mai dogon hannu cikin wannan zafi na birnin Foshan, ya zauna a bakin gado, ya ce shi ba inda za shi. Shekarunsa goma sha shida. Cutar da likitoci ke kira soriyasis, mu kuma muke ce mata fatar bijimi, ta faro masa daga gwiwar hannu, ta hau baya, ta ci ƙwauri, daga baya ta fito a wuya da gefen goshi, inda riga ba ta rufewa. Ja ce a ƙasa, sama kuma fari fat kamar an barbaɗa dusa. In ya tashi daga kujera sai ya bar garinta a wurin. Yaran ajinsu sukan hure teburinsa in za su wuce, suna cewa yau ma an yi ƙanƙara.

Malaminsu ya kira ni ya faɗa mini gaskiya. Ni da uwar yaron 'yan ci-rani ne a masana'antar tayil, ba mu da takardar zama 'yan gari, da ƙyar da jiɓin goshi muka samar masa gurbi. Malamin ya ce in aka koma hutu Songlin bai zauna a kujerarsa ba, za a ba wani, don masu jira suna da yawa. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Man shafawar asibiti yakan kwantar da cutar, da ya ƙare ta dawo da ƙannenta.

Uwarsa ce ta ce, "Ka kai shi gida mana. Ku da kuke taƙama tun daga haihuwa a ruwan magani ake tsoma ku."

A ƙauyenmu, can kan duwatsun lardin Guizhou, kowane gida yana da gangar wanka ta katako, mai zurfi har wuyan mutum in ya zauna. Da yamma a dafa ganyaye da saiwoyi da sassaƙe a babbar tukunya, a juye. Ruwa ɗaya ne na gida duka. Baƙo ke fara shiga, sai tsofaffi, sai maza, sai mata da yara, ana ƙara mai zafi, kuma ba a zubarwa sai kowa ya shiga. Sanin haɗin maganin na mata ne. Tsohuwata ba ta haifi mace ba, don haka matar yayana, Sanmei, ita ta gada. Yanzu tsohuwa idonta ya kusa tafiya, gida da tukunya duk suna hannun Sanmei.

Da muka isa na tarar yayana Deshun ya yi wa gidan ƙari, ya jera sababbin ganguna saboda mutanen birni masu zuwa wanka su biya. Sanmei ta tarye mu a bakin matakala, hannu a ƙugu.

"Kai, Auta! Birni ya tsotse ka, saura wuya kamar na zakara. Wannan ne Songlin? Matso in gan ka. Me ya sa ka naɗe jikinka kamar shinkafa a ganye?"

Yaron ya gaishe ta, ya ce, "Gwaggo, mun same ku lafiya?" Na ce ya naɗe hannun rigarsa ta gani, tunda ita ce mai magani. Ya naɗe. Hannun da ta miƙo za ta dafa kansa ya tsaya a hanya, ya koma, ta goge shi a zaninta duk da bai taɓa komai ba.

"Ba a ɗauka, Yaya," na ce mata. "Likita ya ce ko kwano ɗaya aka ci da shi..."

"Likitan a gidan nan yake kwana?"

Amma da yamma ta yi sai ta saki fuska. Ta dafa magani, gida ya cika da wannan ƙamshi mai ɗaci da na yi shekaru ban shaƙa ba. Ta ce, "Songlin baƙo ne, shi zai fara." Raina ya yi fari, na ɗauka karamci ne. Ruwan baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana, tururi na tashi. Ya shiga a hankali, ya nutsa har wuya, ya lumshe ido. Can ya ce, "Baba, ƙaiƙayin ya yi shiru." Na juya baya don kada ya ga idona.

Da ya fito, farin ɓawo ya rufe saman ruwan. Tsohuwa ta riga ta kwance ɗankwalinta, tana lalube da bango tana tahowa, don ita ce ta biyu. Sai Sanmei ta ce da mijinta, "Kama mini nan." Suka karkata gangar, suka tuntsurar. Ruwan ya bi ta tsakanin katakai ya zuba ƙarƙashin gida, aladu suka hau kuka.

Tsohuwa ta tsaya cik. "Wa ya zubar da ruwa? Mutuwa aka yi?"

A wajenmu ba a zubar da ruwa da sauran mai shiga sai in gawa aka wanke.

"Maganin ne bai dahu ba, Inna," in ji Sanmei. "Ki zauna in sake wani."

Songlin na tsaye da tawul a kafaɗa, ya ji komai. Na dubi yayana. Yana can yana fama da ashana da sigari, kamar kunna ta ne babban aikin duniya. Da na same shi a waje sai ya ce, "Kai ma ka san halin mata, Auta. Ka yi haƙuri, magani ka zo nema, ba shari'a ba."

Haka aka ci gaba. Kullum Songlin baƙo ne, kullum shi ke farawa, kullum a zubar. Baƙunta kwana uku ce ko a ina, amma ɗan da aka binne cibiyar ubansa a bayan gidan nan bai gama tasa ba. Kwanonsa daban, tsinkayen cin abincinsa an ɗaura musu jan zare don kada su haɗu da na mutane. In an zauna cin shinkafa da naman alade mai hayaƙi, Sanmei ke zuba masa daga nesa, kamar mai ba kare.

Ana nan wata mata daga birni, cikin masu zuwa wanka, ta gan shi a bakin famfo yana wanke fuska. Ta tambaya ko a gangunan nan shi ma yake shiga. Ba ta jira amsa ba ta kwashe 'ya'yanta ta koma mota. Ranar Sanmei ta yi ta faɗa har maƙwabta suna leƙowa.

"Daga yau a bayan gidan nan zai riƙa wanka. Akwai tsohuwar gangar rini a can."

"Gangar rini, Yaya? Wadda ake tsoma tufafi?"

"Ita ba katako ba ce? Ko so kake in kashe kasuwata saboda ɗanka mai saɓa kamar maciji? In ba ka so, ga hanya nan, ba ta da ƙofa."

Ina za ni? Ita kaɗai ta san haɗin, kuma yankakke take ba ni shi, ƙanana-ƙanana, yadda ko boka ba zai gane wane ganye ne ba.

Gangar tana jikin garken aladu, ƙarƙashin wata bishiya. Na wanke ta da toka da tsintsiya har hannuna ya yi kanta, amma shunin ya riga ya shige cikin katakon. Ni ke dafa maganin a murhun duwatsu, ni ke ɗebo ruwa da bokitai a sanda. Tun wankan farko muka ga abin da zai faru. Inda fata take lafiya shuɗin yakan fita da ɗauraya, amma inda ciwon yake sai ya sha shi ya riƙe. Yaron ya koma dabbare-dabbare, baya da hannu da wuya, shuɗi a kan ja. Yaran ƙauye suka gano, suka riƙa hawa katanga suna kukan kwaɗi. In na ɗauki dutse su watse, in na juya su dawo.

"Baba, ka bar su," yakan ce. "Aƙalla waɗannan ba su san sunana ba."

Tsohuwa ce kaɗai ke zuwa. Takan lallaɓo da sandarta, ta zauna a kan kututture, ta riƙa kwara masa ruwa a baya da ƙwarya, tana shafa wurin da tafinta. Ban da ni da uwarsa, ba wanda ya taɓa fatar yaron nan da hannu tun da ta lalace sai ita.

"Bayan kakanka ne sak," take ce masa. "Faɗi ba nama. Shi ma haka yake zama a ruwa kamar an dasa shi."

"Kaka, ba kya ƙyama?"

"Ƙyamar me? Ni da na wanke kashin ubanka?"

Wata yamma da ya fito sai ta fara kwance ɗankwali. Ta ce ruwan jikanta ne, ita ce ta biyu, ta ce in kama ta ta hau. Ina riƙe da hannunta Sanmei ta ɓullo da kwandon shara.

"Inna! In kika sa ƙafa a ruwan nan, to kin gama shiga gangata. Ki kwaso tabarmarki ki dawo nan wajen aladu, ɗan autanki ya riƙa dafa miki. Sati nawa ma ya rage masa ya tafi?"

Tsohuwa ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama. A hankali ta sauke ta. Ta ɗaura ɗankwalinta a karkace, ta lalubi sandarta, ta bi bayan surukarta. Ba ta ƙara zuwa wajen gangar rinin ba. Ban ga laifinta ba, wanda zai ci a hannun mutum ba ya cizon hannun.

To, ko ganyen ne, ko shunin, ko ranar da yake sha in mun je yankan ciyawa a kan tudu, ni ban sani ba, karatuna bai kai nan ba. Na dai san bayan wasu makonni ɓawon ya fara raguwa. Jan ya koma ruwan ƙasa, kaurin ya faɗa, ya daina tashi da jini a farce. Wata rana muna saukowa daga tudu ya ce, "Baba, in mun koma ka saya mini rigar makaranta mai gajeren hannu. Tawa ta matse ni." Na ce to, kamar ba komai ba, amma dammin ciyawar da ke kaina sai na ji ba nauyi.

Saura abu ɗaya da ke hana ni sakewa. Likita ya faɗa mini cutar nan ba ta mutuwa, kwanciya take yi. In muka tafi hannu biyu, kafin a yi wata guda a makaranta ta dawo. Na sami Sanmei tana shanya ganye a kan rufi, na roƙe ta buhu ɗaya na busasshe.

Ta kira Songlin, ta ce ya miƙo hannu. Ta daɗe tana kallo, ta ce ya juya baya, ya ɗaga riga. Sai na ga ta yi murmushi, irin wanda take yi wa mutanen birni.

"Ashe maganina ya ci. Ka gani ko, Auta? Buhu ɗaya kake so? Biyu zan ba ka. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yayanka na son a yi ɗan bidiyo, mutane su ga aikin gidan nan. Hotunan da ka turo masa kafin ku zo suna nan a wayarsa, a nuna na da, a nuna na yanzu. Shi ke nan."

"Yaya, yaron nan kunya ce ta hana shi makaranta."

"Kunyar warkewa? Kai dai ka cika tsoro, tun kana yaro haka kake."

Songlin ya ce, "Ban da fuska, Gwaggo?"

"Wa ke son fuskarka? Kyakkyawa ce? Fatarka ake so."

Ya dube ni. Ni kuma na dubi ganyen da ke shanye a kan rufin. Ya ce to.

Aka fito da gangar gida kan baranda, inda tsaunuka za su fito a bayan hoto. Sanmei ta sha kayan biki, ta zuba azurfa a wuya da ka. Yayana ya kafa waya a kan sanda, ya ce kai tsaye ake kallo, kada kowa ya yi tari. Ni aka ce in tsaya a bayan ƙofa da tawul, don tufafina ba su dace ba. Songlin ya shiga da gajeren wando. Sai ga Sanmei ta kama hannunsa da hannunta biyu, ta ɗaga sama, tana juya shi kamar mai tallan akuya.

"Ku duba, 'yan uwa, ku duba! Da fatar kada, yau fatar jariri! Wannan ɗana ne, jinin gidan nan, da hannuna nake yi masa wanka kullum. Juya, ɗana, su ga bayan. Kun ga shuɗin nan? Dafin ne ke fita!"

Ta kamfaci ruwan da yake ciki ta wanke fuskarta da shi, tana dariya. Yayana yana karanto mata abin da masu kallo ke rubutowa, ita tana amsawa. Na ji ya ce wasu na cewa ƙarya ce, ba mutum ɗaya ba ne da na hoton. Daga inda nake ban ga lokacin da ya ɗaga wayar sama ta kama fuskar yaron ba.

Ana kashewa ta saki hannun yaron kamar ta riƙe garwashi. Ta tafi famfo ta wanke fuska da hannu har gwiwa da sabulun wanki, sau da yawa. Sannan ita da yayana suka kama gangar suka zubar.

Ta cika alkawari, buhu biyu ta ba mu. A jirgin ƙasa na sa su tsakanin ƙafafuna, ko ban-ɗaki ban je ba don kada wani ya taɓa. Songlin yana gefen taga, wayarsa sai ƙara take yi. Ya duba sau ɗaya, ya duba na biyu, ya kashe ta ya sa a aljihu. Na tambaye shi lafiya, ya ce lafiya.

Ranar komawa makaranta na nemi izini a wurin aiki don in raka shi. Ya sa sabuwar rigar, hannayensa a waje, saura ɗan shuɗi-shuɗi a gwiwa wanda sai ka lura. Uwarsa ta dafa masa ƙwai. Muka tafi a ƙasa, ina ta surutu a kan littattafai da takalma, shi yana amsawa da kai.

A bakin ƙofar makaranta yara sun yi cincirindo. Wani dogo ya hango mu, ya kama hannun abokinsa ya ɗaga sama, ya siranta murya.

"Ku duba, 'yan uwa, ku duba! Da fatar kada, yau fatar jariri!"

Wurin ya ɗauki dariya, har 'yan mata. Wani ya ce, "Juya, ɗana, su ga bayan!" Wasu suka ɗaga wayoyi. Akwai iyaye a wurin, na ga wata uwa tana rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa.

Songlin ya tsaya. Bai yi kuka ba, bai yi gudu ba. Ya juya ya kama hanyar gida da irin tafiyar da muka zo da ita. Na bi shi ina roƙo, na ce kwana biyu ne za su manta, na ce ya tuna wahalar da muka sha, na ce ƙofar ga ta nan, taku kaɗan ne. Na kama hannunsa na ja.

"Sake ni, Baba. Hannun nan ya gaji da riƙo."

Malamin ya yi mana kawaici na 'yan kwanaki, sannan ya ba wani kujerar.

Yanzu kullum in na taso daga aiki nakan dafa maganin a kan gas, in juye a babban bahon roba bayan labule, don ɗakinmu ɗaya ne. Fatarsa ta yi kyau, ban da ɗan abin da ba a rasa ba. Ba ya fita ko bakin titi. Buhu ɗaya ya ƙare, na biyun ya yi ƙasa, har na fara rage yawan abin da nake zubawa ba tare da na faɗa masa ba.

Jiya da yamma, yana cikin bahon, yayana ya kira. Muryarsa har waje ake ji.

"Auta! Kasuwa ta buɗe, har ganguna muka ƙara! Yayarka ta ce ku zo bikin watan goma, za a yi wani babban bidiyo. Amma ta ce yaron ya ɗan dakata da maganin tukuna, ciwon ya fito sosai, don mutane su ga farkonsa da idonsu. Ka san masu kallo da gardama."

"Yaya, ɗan ƙaninka ne fa."

"Shi ya sa ai ba mu nemi bare ba. Buhun naka saura yaya?"

Na ji motsin ruwa a bayan labule.

"Ka ce masa to, Baba," in ji Songlin. "Ina kuma za ni? Ka tambaye shi yaushe zan daina maganin."

"Me yaron ya ce?" in ji yayana.

"Ya ce yaushe zai daina."